Bakin Bargo a Matsayin Shaidar Tarihi: Zaɓen Yadi Mai Ado a Bargon Ƙyallaye na Ingila da Amurka, 1700 zuwa 1980

1.0 Gabatarwa

Masana tarihi sun saba neman hujja a cikin takardun mulki da wasiƙun sarakuna da littattafan lissafi na fatake, ba safai suke waiwayar kayan ɗakin mata ba. Alhali kuwa sau da yawa doka da ciniki da sabuwar fasaha sukan bar sawunsu a jikin tufa, a kuma tarar da sawun nan bayan takardun sun salwanta. A wannan maƙala za mu ɗauki abu guda daga cikin kayan ɗaki na mutanen Ingila da Amurka, wato bargon da matansu ke ɗinkawa daga ƙyallaye, mu dubi ɓangare ɗaya na jikinsa, shi ne bakin da ke kewaye da shi. Manufarmu ita ce mu nuna cewa irin yadin da mai ɗinki ta zaɓa ta sa a bakin bargonta, da yadda ta yanka shi, sun rataya a kan abubuwa uku: abin da fatauci ya kawo kasuwa, abin da hukuma ta halatta, da kuma abin da injin bugu ya iya fitarwa a zamaninta. Daga ƙarshe za mu faɗi abin da muke ganin wannan hanyar nazari za ta amfana wa masu binciken tarihin tufafi a ƙasar Hausa.

2.0 Bargon Ƙyallaye da Matsayin Baki

Abin da muke kira bargon ƙyallaye a nan shi ne mayafin gado mai rufi uku: fuska ta sama wadda aka harhaɗa daga ƙyallaye, da shafi na ƙasa, da auduga ko ulu a tsakani, sannan a bi duka ukun da ɗinki don kada cikon ya dunƙule wuri guda. Bahaushe bai jahilci wannan dabara ba, domin ita ce dabarar lifidi, wanda 'yan lifida ke sa wa kansu da dawakansu har gobe a hawan salla. Bambancin shi ne Turawa sun mai da ita aikin mata a cikin gida, suka kuma mai da hankali ga adon fuskar.

Dalilin da ya sa muka ware baki shi ne wannan. Tsakiyar bargo ana iya haɗa ta da ragowar ɗinki da guntayen tsofaffin riguna, amma baki yana bukatar dogon yadi wanda almakashi bai taɓa ba. Idan kowane gefe na bargon ya kai mita biyu da rabi, to kewayensa mita goma ke nan. Da yake yadin wancan zamani bai cika kai mita ɗaya a faɗi ba, mace mai son baki mai faɗi sai ta sayi tsawon gadonta har sau biyu kafin ta sami tsage huɗu. Saboda haka baki shi ne wurin da kuɗi ke shiga, shi ne kuma yawanci yadin da aka saya da gangan domin wannan aiki. Har ila yau, shi ne ɓangaren da ke zubowa a gefen gado, inda idon mai shigowa ɗaki ke fara sauka.

3.0 Tushen Abin a Indiya

Tsarin tsakiya da baki ya zo wa Turawa ne daga Indiya. Kamfanin Ingila na Gabashin Indiya, wanda aka kafa a 1600, da takwaransa na Holan na 1602, da na Faransa na 1664, su ne suka riƙa jigilar yadin auduga mai ado daga Gujarat da gaɓar Koromandel. Indiyawa na kiran wannan yadi cint, shi kuwa sunan kaliko daga garin Kalikut ya samo asali. Abin da ya ba Turawa mamaki shi ne launinsa ba ya zuba a wanki. Sirrin yana cikin abin kama rini: mai aiki yakan zana ruwan alif a inda yake son ja, ya zana ruwan tsatsar ƙarfe a inda yake son baƙi, sannan a dafa yadin a cikin saiwar wani tsiro mai suna cay, launi ya kama wuraren da aka zana kawai. Shuɗi kuwa sai an rufe sauran jikin yadin da kakin zuma a tsoma shi a baba. Kore kuma rawaya ce ake shafawa a kan shuɗi. Daga bisani a goge yadin har ya yi sheƙi, kusan irin sheƙin da mabuga ke fitarwa a jikin turkuɗi.

Daga cikin kayan da aka riƙa kaiwa akwai mayafin gado da ake kira palampor. A tsakiyarsa akan zana itace mai furanni iri-iri, a kewaye shi da siririn ratsi, sannan baki mai faɗi ɗauke da sarƙar furanni, sai kuma wani siririn ratsin a ƙarshe. Wannan tsari na faɗi a tsakanin sirara biyu shi ne matan Ingila suka kwaikwaya da allura sa'ad da suka fara haɗa barguna masu tsakiya ɗaya da kewaye bayan kewaye.

4.0 Zamanin Hani

Karɓuwar yadin Indiya ta tayar da hankalin masaƙan ulu da siliki. Faransa ce ta fara hana shi a 1686, hanin bai tashi ba sai 1759. A Ingila majalisa ta yi dokar hana shigo da bugaggen kaliko a 1700. Da 'yan kasuwa suka koma shigo da fari suna buga masa ado a gida, sai masaƙan Spitalfields a Landan suka yi bore a 1719, har suna yayyaga rigunan mata a kan titi. Dokar 1721 ta hana sawa da sayarwa baki ɗaya, ta sa tarar fam 5 ga wanda ya sa, fam 20 ga wanda ya sayar. A 1736 aka sassauta ga yadin da zaren tsayensa lilin ne, na kwance auduga. Sai a 1774 aka janye hanin ga yadin auduga zalla da aka saƙa a Birtaniya, bisa sharaɗin a saƙa shuɗin zare guda uku a gefensa don jami'an haraji su gane shi. Wannan sharaɗi ya ci gaba har 1811.

Abubuwa biyu suka biyo bayan wannan. Na farko, da cint ya yi wuyar samu, sai mata suka ƙware wajen tattalinsa. Akan yanke fure ko tsuntsu daga guntun yadi, a ɗora a kan farin ƙyalle mai araha a ɗinke, ta haka ɗan abu kaɗan ya wadaci faɗin gado. Baki ma akan yi masa haka, a jera yankakkun furanni a kan farin tsage maimakon a sayi dogon cint. Na biyu, shuɗin zaren nan uku ya zama wa masu bincike hujja. Tsagen baki shi ne ya fi yawan riƙe gefen saƙa, tunda a tsaye ake tsaga shi. Duk bargon da aka tarar da wannan alama a cikin ɗinkin bakinsa, an san yadin na Birtaniya ne, na tsakanin 1774 da 1811.

5.0 Daga Hatimin Katako zuwa Ganga Mai Juyawa

Turawa sun fara bugu ne da hatimin katako, kowane launi da hatiminsa, ana dannawa da hannu. A 1752 Francis Nixon ya fara buga yadi da farantin jan ƙarfe a Drumcondra kusa da Dublin. Farantin yana fitar da zane mai laushin layi, mai girma, amma launi ɗaya. Masana'antar Oberkampf da aka kafa a Jouy kusa da Faris a 1760 ta yi suna da irin wannan aiki. Sai dai manyan hotunan faranti sun fi dacewa da tsakiyar bargo, domin idan aka tsaga su don baki sai a datse kawunan mutane da rassan itatuwa. A Amurka, John Hewson, wanda ya kafa wurin bugu a Filadelfiya wajen 1774, ya riƙa buga hoton tulun furanni da tsuntsaye, mata suna saye suna sawa a tsakiya, su kewaye da abin da hannunsu ya kai gare shi.

Babban sauyi ya zo da injin Thomas Bell na 1783, wanda ke bugu da gangar jan ƙarfe mai juyawa, aka kuma fara aiki da shi kusa da Preston a Lancashire. Tunda ganga juyawa take yi, adon yana maimaita kansa a kowane zagaye, don haka ya fi dacewa da ƙananan furanni da kuma ratsi mai bin tsawon yadi. Masu masana'anta sun lura da bukatar masu ɗinkin labule da barguna, suka shiga buga yadi mai jerin ratsi da fili a tsakani, wanda aka shirya musamman don a tsaga a yi baki. Suka kuma buga allunan tsakiya na tunawa da bukukuwa, kamar cikar Sarki George na III shekara hamsin a kan gado a 1810, da auren Gimbiya Charlotte a 1816. Wani ado da ya yi tashe a farkon ƙarni na 19, ya sake dawowa wajen 1825 zuwa 1835, shi ne mai hoton ginshiƙi da furanni suka nannaɗe. Da yake ginshiƙi dogo ne, mata a Amurka sun same shi tamkar an yi shi domin baki.

Launi ma ya ci gaba. Wajen 1810 Daniel Koechlin na Mulhouse ya gano yadda za a cire ja daga wasu wurare a jikin yadin da aka rina da jan Turkiyya, a maye gurbin da rawaya ko shuɗi. Wannan ja ba ya koɗewa, don haka ya zama abin so a baki, inda rana da wanki suka fi ci. A 1831 Birtaniya ta soke harajin bugaggen yadi, farashi ya ƙara sauka. Wajibi ne mu tuna a nan cewa wannan araha tana da mai biyan kuɗinta. Bayan injin gurzar auduga na Eli Whitney na 1793, noman auduga ya bazu a kudancin Amurka a kan wuyan bayi, waɗanda ƙidayar 1860 ta nuna sun kusa miliyan huɗu. Audugarsu ce ta ciyar da injinan Mancesta da na Lowell.

Misalai uku za su nuna yadda mata suka yi da abin da suka samu. Na farko shi ne mayafin da marubuciya Jane Austen da 'yar'uwarta Cassandra da mahaifiyarsu suka ɗinka, wanda ke gidanta na Chawton, kuma ta yi zancen neman ƙyallayen ɗinki a wata wasiƙa ta 1811. Kwandon furanni na cint ne a tsakiya, bakin kuwa dubban ƙananan ƙyallaye ne masu siffar daiman, wato sun biya da haƙuri abin da wasu ke biya da kuɗi. Na biyu shi ne bargon Rajah na 1841, wanda mata fursunoni suka ɗinka a cikin jirgin ruwa mai wannan suna a kan hanyarsu daga Ingila zuwa Hobart, da kayan ɗinkin da ƙungiyar matan Elizabeth Fry ta ba su. Ƙyallayensa 2,815 ne, kewaye bayan kewaye, yana kuma gidan adana kayan fasaha na ƙasar Ostareliya a Kanbera. Irin wannan tsari ya dace da aikin gayya, domin kowace ƙungiya na iya ɗaukar tsage guda. Na uku shi ne bargon Jane Stickle ta jihar Vermont, na 1863, mai murabba'i 169 da alwatika 52 masu ado a baki, inda kowace alwatika mai ado ke zaune kusa da wata mai sauƙin ado don ido ya huta.

6.0 Ƙa'idojin Zaɓe da Yanka

Idan muka jera bargunan wannan zamani, za mu ga wasu ƙa'idoji suna maimaituwa, ko da yake ba a rubuce mata suka gaje su ba.

Ta farko ita ce girman ado. Manyan furanni suna son tsage mai faɗi wanda zai ɗauki furen sukutum, ƙananan ɗigo kuwa su ne na siririn ratsi. Daidai ruwa daidai tsaki. Ta biyu ita ce launi: akan ɗauko launi ɗaya ko biyu daga tsakiya a maimaita su a baki, sau da yawa kuma bakin ya fi tsakiya duhu domin ya riƙe ta. Ta uku, idan tsakiya ta cika da hayaniyar ƙyallaye, akan raba ta da baki mai ado ta hanyar sa siririn tsage marar ado, kamar dai yadda muka gani a palampor. Ta huɗu ta shafi saƙa: zaren tsaye ba ya miƙewa kamar na kwance, don haka tsagen da aka yanka a tsawon yadi yakan kwanta sumul, wanda aka yanka a faɗi kuwa yakan yi tattara idan an ja shi.

Ta biyar ita ce kusurwa, kuma a nan ne ake gane hali da wadatar mai ɗinki. Hanyoyi uku ne. Ko dai a bar tsage ɗaya ya wuce ya tare ɗayan, ado ya katse yadda ya ga dama. Ko a sa murabba'i na wani yadi dabam a kowace kusurwa, a huta da neman daidaito. Ko kuma a yanka tsagen biyu a karkace a haɗa su, har ratsi ya juya kwana ba tare da ya yanke ba. Hanya ta ukun ita ce mai cin yadi, domin dole a zubar da wani abu kafin furen wannan gefe ya yi daidai da na wancan. A tsofaffin barguna da yawa mukan ga ba a damu da daidaita kusurwa ba, wanda ke nuna cewa darajar yadin ta fi ƙarfin a yi asararsa. Siffar gado ma tana da ta cewa: ga gado mai ginshiƙai huɗu akan yanke kusurwa biyu na wajen ƙafa, wasu kuma sukan sa baki a gefe uku kawai, tunda na huɗun matashin kai zai rufe shi.

7.0 Dusashewa da Farfaɗowa

Daga wajen 1840 tsarin tsakiya ɗaya ya fara ja da baya a Amurka, aka koma jera murabba'ai masu ado iri ɗaya. Cint mai manyan furanni ya daina tashe, mata suka koma yanka ganye da sarƙar furanni daga jan yadi da kore suna ɗorawa a farin baki. Keken ɗinki, wanda Singer ya fara fitarwa a 1851, ya sauƙaƙa ɗinkin dogayen tsage. Rinin kimiyya da ya faro da binciken William Perkin a 1856 ya kawo launuka masu araha, sai dai wasu ba su da ƙarko. Akwai barguna na ƙarshen ƙarni na 19 waɗanda ganyen bakinsu ya koma ruwan ƙasa, alhali kore aka ɗinka. A arewacin Ingila da Wales kuwa tsohon tsari bai mutu ba, har aka riƙa yin bargo gaba ɗaya da dogayen tsage a jere.

Akwai kuma al'ummomin da suka bi wata hanya. Matan Amish na Lancaster a Pennsylvania, waɗanda aƙidarsu ta ƙi ƙawa a tufafi, sukan yi baki mai faɗi sosai da yadi marar ado, su zuba gwanintarsu a cikin ɗinkin da ke bin sa. Matan baƙar fata na Gee's Bend a Alabama, jikokin bayin gonakin auduga, sun haɗa nasu da tsofaffin kayan aiki, kuma da yawa daga ciki ba su da keɓaɓɓen baki. A wurinsu rashin bakin shi kansa bayani ne game da wanda ya noma auduga da wanda ya iya sayen yadinta.

Nunin barguna da gidan Whitney na New York ya yi a 1971, da bikin cikar Amurka shekara 200 a 1976, sun farfaɗo da sana'ar. A 1978 Jinny Beyer ta ci wata babbar gasa ta ƙasa da bargo mai tsakiya ɗaya da kewaye da yawa, daga baya kuma ta shiga tsara yadi mai ratsin baki domin kamfanonin bugu. Ke nan abin da masana'antun Lancashire suka yi tun farkon ƙarni na 19 ya sake dawowa kasuwa.

8.0 Amfani da Baki a Matsayin Hujja

Mai bincike yana bukatar taka-tsantsan a wurare uku. Bargo ba zai girmi ƙyalle mafi ƙuruciya da ke jikinsa ba, amma yana iya ƙunsar yadin da ya shekara hamsin a akwati. Sannan baki shi ne ke fara lalacewa, don haka shi aka fi sauyawa; sai an duba zare da salon ɗinki kafin a tabbatar cewa hannu ɗaya ne ya yi shi da tsakiya. Na uku, launin da muke gani yau yana iya saɓa wa na asali: rawaya takan gudu ta bar shuɗi a inda dā kore ne, ruwan ƙarfe kuma yakan cinye zare ya bar huda a inda dā baƙi ne.

Wannan hanya ta shafe mu kai tsaye. Sa'ad da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar da yadin Mancesta a kasuwa, wanda ya ƙetaro Sahara. Atamfar da ta cika akwatunan lefe ta fito ne daga wannan sana'a ta bugu, ta hannun kamfanoni irin su Vlisco na Holan, wanda tushensa ke komawa 1846. Daga baya Kaduna ta sami masaƙar KTL a 1957 da UNTL a 1964, kafin masana'antun su durƙushe. Atamfa kuwa tana ɗauke da suna da lamba a gefenta, kamar yadda yadin Birtaniya ya ɗauki shuɗin zarensa uku. Haka nan shafin da ke bakin hannu da gindin babbar riga, da ƙyallayen da ke fuskar lifidi, wurare ne da baƙon yadi ke haɗuwa da saƙar gida.

9.0 Kammalawa

Mun bi bakin bargo daga palampor na Indiya, ta zamanin hani, zuwa injin ganga da rinin kimiyya, mun ga cewa a kowane mataki zaɓin mai ɗinki yana tafiya ne a cikin iyakar da kasuwa da doka da fasaha suka shata mata, kuma a cikin wannan iyaka ne ta nuna gwaninta. A Amurka, aikin rajistar barguna da aka fara a jihar Kentucky a 1981, inda iyalai ke kawo nasu a auna a ɗauki hoto a rubuta tarihinsa, ya zama abin koyi ga sauran jihohi. Shawararmu ga sassan tarihi da na Hausa a jami'o'inmu, da gidajen adana kayan tarihi irin su Gidan Makama a Kano da Arewa House a Kaduna, ita ce a yi makamancin wannan ga tsofaffin atamfofi da riguna da lifida: a rubuta abin da ke gefen yadi, da sunan da mata ke kiran adon da shi, da shekarar da aka saya, da bikin da aka saya dominsa. A kuma nemi tsofaffin ma'aikatan ɗakunan zane na masaƙun Kaduna da Kano a ji ta bakinsu. Matan da suka san sunayen waɗannan zannuwa da shekarunsu suna nan da rai, kuma su ne ya kamata a fara tuntuɓa.